Kafin A Ƙera Maka Bindigarka

Deptford, Landan
Ranar Talata

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa ka sauka lafiya, Ya sa ɗakin da suka ba ka a jami'a yana da ɗumi, Ya haɗa ka da abokan zama nagari. Ummanka tana gaishe ka. Tun ranar Lahadi da muka dawo daga raka ka tasha take dafa shinkafar mutum uku, sai ta zo zubawa ta tuna. Ni dai ina cinye rabonka. Lafiyarmu ƙalau, alhamdu lillahi.

Na san da Turanci na rubuta, da ka gama karantawa kafin shayinka ya huce. Da gangan na yi da Hausa, don na san sai ka bi ta da yatsa, layi bayan layi, kuma maganar da ke ciki ba ta son gaggawa.

Asabar ta sama za ka sauko ka je wurin Sarkin Maƙera, tsohon Baturen nan da ya ƙera mini bindigata, a auna ka a fara haɗa maka taka ta gasa. A tasha, jirgi na shirin tashi, ka ce mini, “Baba, I've decided, a kan taka za a gina.” Wato a ciro uwar bindigata, ƙarfen nan na tsakiya mai sakata da kunama, a sa mata sabon bututu da sabon katako, ta zama taka. Na san don ka girmama ni ka yanke haka, kuma daɗin da na ji ne ya hana ni magana har jirgin ya ja. To, ga abin da na kasa faɗa: kada ka yi. Bindigata ta mai hannun dama ce, kuma idan aka yanka katako aka ɗaura bututu a kanta, ba a warwarewa. Zan zo kan dalilin. Ka bar ni in fara da ƙananan kurakuraina, sun fi sauƙin faɗa.

Ka san yadda na shiga harkar nan. A Kano ko bindigar toka ban taɓa riƙewa ba, mu gidan ɗinki ne. Sai da na zo nan ina akawu a ofishinmu na Aldwych, wani abokin aiki ya ga ba ni da wurin zuwa ran Laraba in an tashi, ya ja ni kulob ɗinsu na harbin allo a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa. Don ɗumin wurin da shayin kyauta na riƙa zuwa, gaskiya ke nan. Daga baya suka kai ni babban filin nan na bayan gari, inda mutum yake kwanciya rub da ciki a kan ciyawa ya harbi allon da ke yadi dubu, allon da babban yatsa yake rufewa in ka ɗaga shi. Ranar da aka nuna mini alama cewa harsashina ya shiga baƙin tsakiya, na san na kamu. Shekara goma ina aron bindigar kulob, tsohuwar bindigar soja wadda kowa ya gama jagwalgwalawa, ina mafarkin tawa.

Sai kuɗin fetur ya fara shigowa gida, aka gyara mana albashi, mu ma na nan Landan abin ya taɓa mu. Mutanen da na sani da keke suka fara sauka a nan suna sayen labule da kujeru a cika jirgi. Ni ma kaina ya ɗauki zafi. Na tafi wurin tsohon nan, wanda tun ranar na laƙaba masa Sarkin Maƙera, na ce ina son bindigar da za a gani a tambayi mai ita. Zuwa uku na yi ina zaɓen katako. Na shafa wannan, na ɗaga wancan a hasken taga, har na samu wani mai ratsi-ratsi, in an goga masa mai sai ka ce zuma aka zuba. Da aka zo maganar bututu, na ce ya sa duk wanda ke kusa, ai ƙarfe ƙarfe ne. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Mista Isa, katako ba ya harbi.” Na yi dariya, na ɗauka barkwancin Turawa ne. Ya sa mini wani bututu na hannu wanda mai shi ya riga ya ci rabin ransa, tunda shi na nuna. A yadi ɗari uku ba ka gane komai. A yadi dubu kuwa harsasaina suka riƙa watsewa kamar an watsa wa kaji tsaba, ga ni kwance da bindigar da ta fi ta kowa kyau a layin. Sai da shekara ta zagayo na koma da kunyata aka canja shi.

Saboda haka ka fara da bututu. Ka ce masa sabo kake so, kuma ya yi shi daidai da harsashin da ake rabawa a wurin gasa, tunda a can kowa iri ɗaya ake ba shi, ba wanda yake zuwa da nasa. Bayan bututu sai idon saiti, 'yar kafar nan ta baya da kake murɗawa don iska. Ka nemi wanda in ka murɗa shi sau uku ka mayar sau uku yake komawa inda yake. Katako shi ne na ƙarshe, kuma abin da ake nema a gare shi ya bushe sosai, kada ruwan ƙasar nan ya sa ya murɗe. Kawunka Alhaji Bala, da ya ce shi zai ɗauki nauyin bindigar, ya sake kira jiya daga otal. Yana cewa, “Malam Isa, a yi wa yaron nan order ɗin wadda ta fi kowace tsada a Ingila, a rubuta sunansa da ruwan zinariya. Ai yanzu Allah Ya buɗa.” Mutumin kirki ne, kuma da zuciya ɗaya ya faɗa. Ka rubuta masa godiya da hannunka, ka karɓi alherinsa, amma ka bar zinariyar. Abin da ya ragu ka riƙe shi na jirgin zuwa fili, don yawan kwanciya a ciyawa shi ke kawo maki.

Kuskure na biyu har yau Ummanka in ta tuna sai ta riƙe ciki. Ranar da za a auna ni Juma'a ce, cikin bazarar Turawa, rana ta fito ƙwal. Daga masallaci na wuce, cikin farin kaftani na shadda sabo fil, wanda aka aiko mini daga gida, da hula zanna. Sarkin Maƙera ya ce ina rigar harbina? Na ce tana gida. Ya ce in koma in zo da ita wata rana. Na ce haba, ai ni ne dai, jikina ba ya canjawa. Ya ce to, in kwanta a ƙasa kamar yadda nake yi a fili. Na dubi daɓen shagon, baƙin mai da garin ƙarfe ko'ina, na dubi shaddata, na ce a tsaye ma ai ya yi. Haka ya auna ni, a tsaye, cikin riga mai kaurin takarda. Da sanyi ya shigo na je fili da suwaita biyu da rigar harbi mai kauri a sama, na kwanta, sai ga gindin bindiga ya yi mini tsawo. Ina miƙa wuya kamar zakara zai yi cara kafin idona ya kai kafar saiti. Ƙarshenta sai da aka sa zarto aka datse gindin, kuma daidai wurin da ratsin ya fi kyau aka yanke. Guntun yana nan a kan teburina, da shi nake danne takardu.

Don haka ran Asabar ka tafi da duk abin da kake sawa a fili, har safar hannu da maɗaurin da kake ɗaure bindiga a damtse. Ka kwanta a daɓen nan nasa, ka daɗe a kwance har kafaɗarka ta saki. In wani wuri ya matse ka, ka faɗa. Mu an raine mu a kan cewa babba in ya tambaye ka ko abu ya yi, ka ce ya yi. Wannan ladabi ne a zaure, amma a shagon maƙeri cutar kai ce, kuma shi ma ba ya so.

Sai maganar kunama. Wani a kulob ya taɓa ce mini duk gwanaye kunamarsu sakwa-sakwa take, da ka taɓa ta tashi. Ban tambayi kowa ba, na zauna a kicin ran Lahadi da safe na kwance tawa na yi mata 'yan dabaru. A gasar da ta biyo baya na yi harbin da ban taɓa yi ba, har ina tunanin inda zan ajiye kofi a falo. Kafin in tashi sai ga alƙalin gasa da ɗan ƙarfen awonsa, wanda ake ratayawa a kunama a ga ko za ta ɗauke shi ba ta tashi ba. Tawa ko motsa shi ba ta yi ba, ta yi ƙas. Aka soke makina gaba ɗaya a gaban mutane. Ba wanda ya ce mini mai maguɗi, amma na ji kunyar da ban taɓa ji ba, kuma da na natsu na gane abin ya fi maki girma, don kunamar da ke tashi da kanta tana iya tashi a inda ba a so. Ka ce wa maƙeri ya daidaita taka ta wuce nauyin da dokar gasa ta ce da ɗan kaɗan, sannan kada ka sake ka sa mata hannu.

Akwai kuma ranar wata Sallah da baƙi suka cika mana flat, 'yan gida da suka zo sayayya, ana ta hirar kwangila da wanda ya sayi gida a ina. Ni ba ni da kwangila, ba ni da gida, sai na ji ina son in nuna nawa abin. Na buɗe kabad ɗin ƙarfe na fito da bindigar. Babu harsashi a ciki, na sani, amma kafin in ankara tana hannun wani yana juya bakinta cikin falo yana dariya, kai da yaran baƙi kuna zaune a ƙasa. Ummanka ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta ce, “Baban Abba, ko ita ta koma inda take, ko ni da yara mu fita mu bar muku gidan.” Ta fi ni gaskiya. Tun ranar bindigar ba ta sake fitowa don kallo ba. Kai ma a can abokai za su ce ka nuna musu. Ka ce tana ɗakin ajiyar kulob, kuma ka tabbata can ɗin take, sakata daban, harsashi daban. Lasisinka ya zauna a aljihun ƙirji duk ranar da ka ɗauko ta. Baƙin mutum da doguwar jaka a tashar bas ta Lewisham ba ya rasa mai tambayarsa, na sha gani. Ka amsa a natse, ka miƙa takardarka, ka yi gaba.

To, na gama kewaye-kewaye. Ga maganar.

Ni bahago ne, Abba. Haka aka haife ni. Mahaifina, wanda ka ci sunansa har ya sa ba na iya kiranka sai da Abba, ya lura tun ina ɗan shekara biyar. Ya sa aka yago ƙyalle daga ragowar yadi a shago, aka ɗaure mini hannun hagu a ƙugu tun daga safe har la'asar, damina guda cur. Ba mugu ba ne, Allah Ya ji ƙansa. Tsoro yake ji. A garinmu bahago abin tsokana ne, ana cewa abin da ya miƙa ba albarka, kuma almakashin shagonmu ba ya yanka yadi in da hagu aka riƙe shi. So yake in ci abinci da sana'ar gidan ba wanda ya nuna ni da baki. Da aka kwance ƙyallen na zama na dama kamar kowa, na kuma koyi jin kunyar abin har na daina tuna shi.

Ranar awon nan ta farin kaftani, kafin ya ɗauko ma'auni, Sarkin Maƙera ya ce in miƙa hannuwana biyu in haɗa su in bar 'yar kafa a tsakani, in dubi wata ƙusa a bango ta cikinta da ido biyu a buɗe, sannan in jawo hannuwan zuwa fuskata kada ƙusar ta ɓace mini. Na yi. Hannuwana suka tafi kai tsaye kan idon hagu. Ya ce in sake. Suka koma can. Ya ce, “Mista Isa, idonka na hagu ne ke mulki. Kai left-hander ne, ko ba haka ba?” Na ji kamar ya tuɓe ni a kasuwa. Na ce masa, “A garinmu babu bahago.” Ya ce, “Ko ɗaya?” Na ce, “Ko ɗaya.” Ya ɗauko ma'auninsa, ya ƙera mini bindigar dama kamar yadda na ce.

Ka san sauran, ka gani da idonka ko da ba ka san sunansa ba. Kullum ina tsakiyar jerin maki, ban taɓa zama na ƙarshe ba, ban taɓa ɗaukar kofi ba. Ina matse idon hagu da ƙarfi don na dama ya samu ya yi aiki, kafin a kai harbi na goma baƙin allo ya fara rawa, in dawo gida da ciwon kai in ce iska ce. Na canja bututu, na canja tabarau, na zargi harsashi. Abu ɗaya ne ban taɓa zarga ba.

Shekara biyu da suka wuce na ɗauki hutun kwana ɗaya na je fili ran Talata da safe, ba kowa sai wani likitan haƙori, bahago, da bindigarsa da aka ƙera masa ta hagu. Ban san abin da ya shiga kaina ba na ce ya ara mini. Na kwanta ta ɗaya gefen, na sa ta a kafaɗar hagu, na leƙa. Abba, ashe haka allon yake. Baƙin ya tsaya cak, gefensa tas kamar an zana da alƙalami. Ban matse komai ba. Harbi goma na yi a yadi ɗari shida, tara suka shiga tsakiya. Na tashi ina waige-waige kamar wanda ya yi sata, na miƙa masa bindigarsa na ce sa'a ce. A jirgin dawowa murna da baƙin ciki suka haɗu suka cika mini ƙirji. Ban gaya wa kowa ba, har Ummanka, sai jiya.

Da a kaina abin ya tsaya, da ban dame ka da shi ba. Amma kai ma da hagu ka fara ɗaukar fensir. Ban ɗaure ka ba, na ɗauka na waye. Sai dai duk yamma in ka zauna zane a teburin kicin, ina wucewa in zare fensirin in mayar maka dama, in ce, “Hannu!” Malamarku ta aiko da takarda cewa a bar ka yadda kake, na ce Turawa ba su san tarbiyya ba. Ummanka ta ce, “Baban Abba, ka ƙyale yaron nan, in dai yana ci da dama ai shi ke nan.” Na ce mata ni ma haka aka yi mini, ga ni ban mutu ba. Har yau in wani ya ce “hannu” da ƙarfi a gidan nan ina ganin kafaɗarka tana motsawa.

Shekara uku ke nan kana harbi da bindigata, ni ina zaune a bayanka ina duba maka iska. Ina ganin abin da kai ba ka gani. Da ka kwanta, wuyanka yakan ƙetare katakon, idonka na hagu yana neman kafar saiti. Sai ka farga, ka dawo da kai, ka matse shi. In an tashi ka murza goshi, a gida ka tambayi Ummanka maganin ciwon kai. Duk da haka ka fi ni maki tun shekararka ta biyu, har jami'a suka sa ka cikin 'yan wasansu tun kafin ka sauke akwati. Ina alfahari da kai, kuma duk ranar da na ga wuyan nan ya karkata sai in ji nauyi, don na san wanda ya karkata shi. Laifina ne. Ka yafe mini.

Ba zan ɓoye maka wahalar abin ba. In ka koma hagu, makinka zai faɗi kafin ya tashi. Kafaɗar ba ta saba ba, yatsan bai san kunama ba, mai yiwuwa bana su cire ka daga cikin waɗanda za su je gasa, ka zauna kana kallon waɗanda ka fi. Uwar bindiga ta hagu kuma ba a samunta a shago nan take, sai an jira. Shekara guda za ka yi hasara, ko fiye. Ni na ƙi yin hasarar shekara guda, kuma ka ga inda na tsaya.

Ban ce ka ɗauki maganata kawai ba. Ka ajiye takardar nan yanzu, ka nemi wani abu ƙarami a bangon ɗakinka, ka yi gwajin hannuwan nan. In sun tafi dama, ka manta da duk abin da na ce, ga uwar bindigata nan ka ɗauka da albarkata. Amma ni na san inda za su tafi.

Kada kuma ka ɗauka na ce ka watsar da abin da muka koya maka. Ka ci da dama, ka sha da dama, ka gaisa da dama, ka ba mutum abu ka karɓa da dama. Wannan sunna ce kuma ladabi ne, yana nan daram. Kuskuren da kakanka ya yi, ni ma na maimaita, shi ne mun haɗa cokali da fensir da ido mun yi musu hukunci ɗaya. Idon da Allah Ya ƙarfafa maka ba rashin kunya ba ne.

Jiya Litinin na nemi izini a ofis da rana na hau jirgi na je wurin Sarkin Maƙera. Ya tsufa, hannunsa ya fara rawa in ba ƙarfe ya riƙe ba. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, “Na zo gyara wata magana. A garinmu akwai bahago biyu.” Ya ajiye abin da ke hannunsa, ya cire tabarau ya goge, ya ce, “I know, Mista Isa. Na ga yaron a fili bara. Ina ta jiran ɗayanku ya zo ya faɗa.” Sannan ya dafa mana shayi a butar nan tasa mai tsatsa, muka sha a tsaye. Ya ce zai rubuta wa masu yi su riƙe masa uwar bindiga ta hagu guda ɗaya har ran Asabar, amma ba zai ce a aiko ba sai ya ji daga bakinka. Na ce haka ya dace.

Ni kam kada ka ji tausayina. Na ji daɗin shekarun nan ƙwarai. Na kwanta a ciyawa da sassafe ina kallon tutocin iska, na yi abokai, na ga ɗana ya wuce ni. Bindigata za ta zauna a kabad ɗinta da datsattsen gindinta, in ci gaba da zama a tsakiyar jeri, wurin ya saba da ni. Abu ɗaya nake roƙo. In taka ta fito, ka zo da ita fili wata Talata da safe, ka ara mini ita harbi goma. Wannan karon ba zan yi waige-waige ba.

Ka riƙe sallarka a kan lokaci ko da ranar gasa ce. Ka sa suwaitar da Ummanka ta saƙa, ta ce in ba ka sa ba, za ta sani. Ka rubuto mana, ko da Turanci ne.

Za ka ga daga nan zuwa ƙasa rubutun ya karkace kamar na ɗan aji ɗaya. Ba rashin lafiya ba ne. Na mayar da alƙalamin hannun hagu, karo na farko tun daminar nan ta shagon Baba. Ummanka tana tsaye a kaina tana dariya tana share ido.

Allah Ya tsare ka a hanya da masauki. Allah Ya kare ka daga sharrin ƙarfe da na mutum. Allah Ya yi maka albarka, dama da hagu. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Isa